Ni da Dokin Muka Fara Ji

Matso kusa, ɗan nan, ko 'yar nan ce ma duk ɗaya. Ja kujerar can ka zauna, ba na son ɗaga murya. Zan ba ka labarin ranar da aka ɗora ni a keken doki a ƙasar Masar, amma ba yadda nake ba matan unguwa ba. Su in sun shigo gaishe ni suka ce, "Inna an sha yawon duniya, har da jirgin ruwa!" dariya nake yi, in ce Allah Ya yi wa yara albarka, in nuna musu hotuna. To akwai inda hotunan suka tsaya. Daga nan nake so in ɗora maka, sai dai dole in koma baya kaɗan, in ba haka ba kai ma ka ce taɓuwa ce.

Ni mutuniyar ƙauye ce, can gaba da Kakangi, a bakin daji. Can aka kai ni aure, can na haifi duk waɗanda na haifa. Ba ni da yawo. Ɗakina, akurkin kajina, da gwaibar da na dasa a bayan madafa, sun ishe ni. Baban yara yana da shanun noma biyu da amalanke. Ranar kasuwa yakan loda dawa ko masara, mu mata mu haye kan buhuna, ƙafafu na lilo, muna taɗi har bakin titi. In an zo hawa mai yashi sai ya ja igiya ya ce, "To, sarauniyoyi, a sauko a tausaya wa bayin Allah." Mu sauko muna mita, in ce shanunsa sun fi matarsa gata. Ya ce ai su ba sa mayar masa da magana.

Abu ɗaya Allah Ya ba ni fiye da na mutane: kunne. Ina cikin ɗaki zan ce ga wance nan tafe, daga takunta, kuma ita ce. Da zamani ya lalace, kunnen nan ya zama na gari gaba ɗaya. Babur ɗaya, ɗan acaɓa ne. Biyu ko uku, masu zuwa suna ne ko gaisuwar mutuwa. Amma in suna da yawa, suna tafe a jere ba mai wuce wani, injin yana nishi don an ɗora masa mutum uku-uku, to mutanen daji ne. Haka muke ce musu, ba mu kiran ɗaya sunan. Ina jin su tun suna hayin rafi, kafin karnuka su ji. Sau ɗaya nake cewa, "Ga su nan!" Daga nan kowa ya san abin yi. Ba a tsayawa dubawa, ba a komawa ɗaki ɗaukar komai. A tuɓe takalmi don ba a gudu da silifa, a faɗa cikin dawa ko kwari, a kwanta rubda ciki. Saboda ba a komawa ɗakin ne kowace mace take wuni ta kwana da ƙunshi ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin zani: ƙuli-ƙuli, garin rogo, ɗan gishiri, abin da zai riƙe ran yaro kwana biyu a jeji.

Ranar da suka yi mana ta ƙarshe, bayan la'asar ne, da kaka. Na ji su, na faɗa, gari ya watse. Baban yara yana gona da amalanke yana kwaso dawa, kuma ta wajen gonar suka ɓullo. Muryata ba ta kai can ba. Washegari aka same shi kusa da amalanken, shanun babu. Maza suka binne shi a gindin ɗorawar bakin gonar, suna haƙa suna waige. Kafin kwana uku aka ce kowa ya tashi. Na ja ƙofar ɗakina na sa mata kwaɗo, na jefa makullin cikin ƙunshina. A Birnin Gwari na yi takaba, a wani ɗan ɗaki a gidan ƙanen baban yara, kuma a nan na zauna shekara da shekaru ina jiran a ce a koma.

Sai yanar ido ta rufe mini gani. 'Yata ta fari, wadda ba zan kira sunanta ba don ko a gabanta ban taɓa kira ba, nas ce a Kaduna, mijinta ɗan kasuwa ne mai hali. Ta zo ta ɗauke ni, wai mako biyu. Aka yi aikin ido ɗaya bai yi kyau ba, sai mijin ya ce a kai ni Masar, inda yake zuwa saro kaya.

Ana cikin shirin tafiya maƙwabciyata ta ƙauye ta bugo waya. Ta ce an yi sulhu, mutane sun fara komawa, su har sun share gida. Ta ce rufin ɗakina ya zube ta gefe ɗaya amma ƙofar tana nan da kwaɗonta, gwaibar kuma ta yi 'ya'ya har birai sun gaji. "Ki zo kafin ruwa ya sauka," in ji ta, "a rufe miki ɗakin tare da namu. In ya ƙara shan damina ɗaya a buɗe, ba zai kai ba."

Na sami 'yar tawa tana ninke kaya na faɗa mata. Ban roƙi komai mai yawa ba. In buɗe ƙofata, a gyara rufin, in tsaya daga bakin hanya in hango ɗorawar nan in yi wa ubanta addu'a ina kallon inda yake.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Inna, ba hanyar kaɗai nake tsoro ba. Ke nake tsoro. Maƙwabta su tayar da janareto sai ki miƙe tsaye. Kina kwana da ƙunshi a ƙugu kamar mai jiran mota. Wannan ciwo ne, muna ganin irinsa a asibiti."

Na ce, "Ciwon nan shi ya fitar da ƙannenki uku da ransu."

Ta ce, "Na sani. To ga abin da za a yi. Ki ba ni ƙunshin. Mu je a gyara idon. In na ga hankalinki ya kwanta har muka dawo, ni da kaina zan kai ki kafin ruwan fari."

Na ce ta yi alkawari? Ta ce ta yi. Na shiga banɗaki na kwance ƙunshin na kawo mata. Abin da ban faɗa mata ba shi ne na zare makullin, kuma kafin ranar tashinmu na ɗinka wani ƙunshin, ƙarami, da tsumman wani tsohon zani. A filin jirgi ta dube ni ta ce, "Inna, kin bari da gaske ko?" Na ce na bari. Allah Ya yafe mini.

Aiki ya yi kyau. Da aka cire audugar na ga fuskar 'yata tas, har da furfura biyu da ban san ta yi ba. Likita ya ce a dawo bayan kwana goma ya sake dubawa, ya ba ni wani baƙin tabarau mai rufe har gefen ido. Surukin nawa ya ce maimakon mu zauna a masauki muna kallon bango, gara mu shiga jirgin ruwan masu yawon buɗe ido mu huta, shi zai tsaya kan harkokinsa. Kai, jirgin nan gida ne mai hawa huɗu aka ɗora kan kogi, da ɗakuna da gadaje da wajen cin abinci. Tsofaffin Turawa kwance a sama cikin rana, sun yi ja kamar an gasa su, ba mai tilasta musu. Abinci kuwa ganye ɗanye a faranti. Na ce wa 'yata wannan ai kajina nake watsa wa. Amma na cinye, na ƙara. Na yi dariya inda ake dariya. Injin jirgin yana gurnani a ƙarƙashin ƙafata dare da rana, na danne zuciyata na ce ba babur ba ne. Rana ta biyu na ji ta a waya tana ce wa mijinta, "Wallahi Inna ta sake, yau har barcin rana ta yi." Na yi kamar ban ji ba. A raina na fara zaɓar inda zan zuba irin kuɓewa.

Safiya ta uku jirgin ya tsaya a wani gari. Ɗan jagoranmu, mai yawo da ƙaramar tuta a sanda, ya ce za a kai mu ganin wani tsohon gini mu dawo kafin azahar, don jirgi ba ya jiran kowa. Muna hawowa gaɓa sai ga kekunan doki a jere, baƙaƙe masu laima, masu su suna ta ihu kowa na jan nasa. Namu wani dattijo ne baƙi kamarmu, da rawani da jallabiya mai launin toka. Ya dubi mayafina ya ce, "Muslim?" Na ce, "Alhamdulillahi." Ya yi ta zuba Larabci yana murna. Na ce wa 'yata ta gaya masa nawa Larabcin ya ƙare a nan, sai dai in yana so in karanta masa Ƙulhuwallahu.

Dokin ja ne, ramamme, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. An ɗaura masa wata fata a gefen idanu biyu. 'Yata ta dube shi ta dubi tabarauna, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Inna, ga ɗan uwanki. Shi ma an yi masa aikin ido."

"Ja'ira. Me ya sa aka rufe masa?"

"Don kada ya ga abin da ke gefensa ya firgita. Gabansa kawai ake so ya gani."

Na ce, "Kunnen fa?" Ta ce kunne ai ba a rufewa.

Ba zan ɓoye maka ba, tafiyar ta yi mini daɗi, kuma shi ya sa take ci mini rai har yau. Kofato na ƙwas-ƙwas a kan kwalta, ƙananan ƙararrawa na kaɗawa a wuyan dokin, keken na rausaya da mutum kamar amalanke. Muka ratsa kasuwa, masu gurasa da faifai a ka, masu tumatir, wani mahauci ya rataye cinya a ƙofa ƙudaje na bi, kamar dai namu. Sai warin kashin dabba ya bugi hancina. Tun da na bar gida ban shaƙi abin da na sani ba sai ranar. Da muka zo wani ɗan hawa na ji numfashin dokin ya sauya, na tattara zanina zan sauka. 'Yata ta riƙe ni.

"Ina za ki?"

"Hawa ne. A tausaya wa bawan Allah."

"Inna, nan ba a sauka."

Na ce da ubanta ne da tuni ya sauke mu. Ta kau da kai tana kallon shaguna. Dattijon ya kaɗa bulala a iska, dokin ya ja mu muka haye, mu biyu ƙarti da jakunkunanmu.

Ginin da aka kai mu na dutse ne, ginshiƙansa mutum biyar ba za su zagaye ɗaya da hannu ba, bango duk zanen mutane masu kan tsuntsu. Ina shiga bakina ya yi sallama da kansa. Ba wanda ya amsa, ba mai amsawa. Ɗan jagora ya ce an gina wurin tun kafin Annabi Isa, masu shi tuni sun ƙare. Na tsaya na duba dama da hagu da sabon idona, sai na ce, "Ashe kufai aka kawo mu gani."

Kufai ne mana. Gari ne da mutanensa suka tashi. Amma wannan kufan yana da mai shara. Yana da fitilun lantarki a gindin kowane bango. A ƙofarsa ga 'yan sanda da bindigogi suna gadin duwatsu, har da wata na'ura da ake bi ta ciki kada wani ya shigo da abin da zai ji wa bango ciwo. Mutane sun taso daga ƙarshen duniya, sun hau jirgin sama sun hau na ruwa sun hau doki, don su ga inda wasu suka taɓa zama. Namu garin, lokacin da akwai masu rai a ciki, mata na daka yara na kuka, ko mai sanda ɗaya ba a taɓa tsayar mana ba. Ni kuma da nake da nawa kufan, da makullinsa a ƙuguna, sai na ci jarrabawa kafin a bar ni in gan shi.

Kaɗan daga wannan na faɗa a fili. 'Yata ta ce, "Inna, yi a hankali." Na ce wa zai ji Hausa a nan, mai kan tsuntsun? Amma na tuna ana auna ni, sai na haɗiye sauran. Da muka fito muka koma kekenmu ta ba dattijon waya ya ɗauke mu hoto. Na washe baki. Shi ne hoton ƙarshe da nake nuna wa matan unguwa.

A komowa ya bi da mu wata hanya ta bayan gari don gudun cunkoso. Hannun hagu gidaje, hannun dama gonar rake, doguwa, koriya shar, ta fi mutum tsayi. Ina kallonta ina cewa a raina wannan ko mutum ɗari ne za ta ɓoye su. Ka ga irin tunanin da ido yake kawo mana, mu mutanen can.

Sai na ga kunnuwan dokin sun juya baya.

A daidai lokacin ni ma na ji. Can nesa, ta bayanmu. 'Yata tana duba hotuna, dattijon yana ɗan waƙe-waƙensa, ba wanda ya ji sai ni da dokin. Suna da yawa. Suna tafe a jere, ba mai wuce wani. Injin yana nishi, an ɗora masa uku-uku. Na ce wa kaina, ke, Masar kike. Kada ka ce na manta inda nake, wallahi ban manta ba. Na riƙe ƙarfen kujera na ce Masar kike, Masar kike, saura kwana kaɗan a cika miki alkawari. Suna ƙara matsowa. Sai na ji tau! tau-tau!

Kaina ya san inda nake, ƙafafuna ba su tambaye shi ba. Na ji bakina ya ce, "Ga su nan!" sau ɗaya. Na diro daga keken yana cikin tafiya, ta wajen raken.

Akwai magudanar ruwa ta siminti tsakanin titi da gonar, tabarau ya hana ni ganinta. A kan hannu na sauka, na ji ya yi ƙas. Ban tsaya ba, na ja jiki na cusa kaina cikin raken na kwanta rubda ciki, na rufe ƙeya da hannun mai lafiya. Zanina ya kwance a wajen faɗuwar, ƙunshin ya fashe a kan titi.

Suka iso. Ina kwance ina jiran abin da na san yana biyo baya. Sai na ji guɗa. Guɗa sak irin tamu, ta mata masu kai amarya. Na ji ganga, na ji hon na mota. Sannan muryar 'yata a kaina tana girgiza ni, "Inna! Inna! Biki ne! Kayan ɗakin amarya ake kaiwa!"

Na ɗago. Samari ne a kan babura, uku-uku kamar yadda na ji, suna rakiyar wata a-kori-kura da aka loda wa katifu da firji da tukwane, suna fasa irin abin fashewar nan na wasan biki. Wasu sun tsaya. Wasu na dariya, wasu sun sauko da gudu za su taimaka, kuma waɗanda suka sauko ɗin su suka fi ba ni tsoro. Kekunan da ke bayanmu duk sun ja burki, Turawan jirginmu sun ɗaga wayoyi. Ni ga ni a bakin gona, tsohuwa, zani a hannu, ɗankwali a cikin kwata, laka har gira.

Dattijon nan ban manta shi ba. Ya kori samarin da bulalarsa, ya cire mayafin wuyansa ya ba 'yata ta rufe ni. Sannan ya durƙusa a titi yana tsince ƙuli-ƙulina ɗaya-ɗaya. Bai san ko mene ne ba, ya dai ga abinci ne. Kowanne ya ɗauka sai ya sumbace shi ya taɓa a goshi kafin ya sa a tsumman. Da ya kawo mini ya nuna dokinsa, ya kama kunnen kansa, ya nuna ni, ya gyaɗa kai. Ban san abin da ya ce ba, amma na ji shi.

Makullin kuwa ya yi tsalle har tsakiyar titi. 'Yata ce ta ɗauke shi. Ta san shi, da shi take buɗe ɗakin tun tana 'yar makaranta, da jan zaren da na ɗaura masa. Ta juya shi a hannu ta dubi tsumman ƙunshin.

Na yi saurin cewa, "Jiri ne ya ɗebe ni. Maganin idon nan yana sa jiri. Faɗowa na yi."

Ba ta yi musu ba. Ta kama ni muka taka zuwa keken, ta tsaya tana kallon ƙasan kujera. Na bi idonta. Takalmana ne, a jere, kai da kai, kamar na ajiye su a ƙofar masallaci.

"Inna," ta ce a hankali, "wanda jiri ya ɗeba, yaushe ya sami damar tuɓe takalmi?"

Ta buɗe jakarta ta sa makullin ta ja zif.

Mun riski jirgin da ƙyar. Likitan ciki ya ɗaure hannun da katako, ya ce tsintsiyar hannu ce ta karye, sai an koma birni a yi ɗauri sosai. Ya haska idon ya ce bai taɓu ba. Da ya fita aka bar mu mu biyu a ɗaki, garin yana ja da baya ta taga, har na hango kekunan a jere a gaɓa suna jiran wani jirgin.

Na ce mata, "Ban yi kuskure ba. Na ce suna da yawa, suna da yawa. Na ce uku-uku, kin gan su da idonki. Kunnena lafiya lau yake. Ƙasar ce ba tamu ba."

"Inna, in kika yi wannan tsallen a can, wa zai ɗauke ki? Wane likita?"

"A can wannan tsallen shi ne lafiya. Wadda ba ta iya shi ba ita ce mara lafiya."

"To kin ji da bakinki. Wurin da sai an iya wannan ake kwana da rai, can kike so in kai ki in juyo?"

"Kin yi alkawari."

"Ke ma kin ce kin bari."

Sai ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a gwiwata, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama, ta fashe da kuka. "Na ba dajin nan uba," in ji ta. "Ba zan ba shi uwa ba. Ki yi fushi da ni, Inna, na yarda, in dai ina ganin ki kina fushin."

Me zan ce? Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita, da na tara mata dangi. Na dafa kanta da hannun mai lafiya na yi shiru, kuma shirun nan shi ne ta ɗauka a matsayin na yarda.

Damina biyu ke nan. A ta farko maƙwabciyata ta bugo ta ce sun jira ni har ruwa ya sauka, sun jefa wa rufin tsohuwar leda. A ta biyu ta ce bangon baya ya kwanta, na gefe ya bi shi. Ƙofar kaɗai ta rage a tsaye da kwaɗonta, awaki na zagayawa ta baya su shiga su kwana inda gadona yake. Ta ce suna noma, wani watan lafiya, wani watan su kwana a dawa. Ta ce ɗorawar tana nan. Na ce in ta bi ta wajen ta yi wa baban yara sallama, ta ce masa idona ya warke.

Ga ni nan, ɗaki mai tayil, fanka, abinci sau uku. Ba abin da na nema na rasa sai abu ɗaya. Hoton nan an wanke shi babba an kafa a falo, ni a keken doki da baƙin tabarau ina washe baki, kan dokin ya ɗan shigo ta gefe. Baƙi su ce kai, Inna an more. Makullin yana cikin durowar ɗakinta tare da fasfo. Ba ta san na sani ba, amma duk sanda ta ja durowar ina jin ya gungura ya bugi katako, daga nan inda nake zaune. Kuma tun da ka matso har haka, taɓa nan, gefen ƙuguna. E. Na ɗinka wani. Kada ka faɗa mata.

Ita ta ce ciwo ne, kuma ta yi karatu, ni ban yi ba. Ni dai na san ranar mu biyu muka ji, ni da dokin, shi an ɗaure shi da keke bai iya zuwa ko'ina ba. To kai da ka saurara har ƙarshe, gaya mini tsakaninka da Allah: in da kai ne ka binne naka a gindin ɗorawa, aka ɗora ka a keken nan, ga rake a damanka, ka ji su suna tafe a bayanka uku-uku, da ka zauna?